Tsohon Ɗan Acaɓa a Farasan

Jirgin ruwa ya bar Jizan da hantsi,
ya sauke mu Farasan, gishiri a leɓe,
riga ta manne da baya tun kafin hawa.

Babura tara a jere ƙarƙashin rumfa,
'yan roba-roba, shuɗaye, ba giya ba kuloci,
murɗa kawai ka tafi, abin wasan yara.
Na dube su na yi dariyar ciki.
Ni da na shekara goma sha ɗaya
ina yanka Ƙofar Ruwa zuwa Bata,
buhun gero a tanki, mutum biyu a baya,
yau ni za a nuna wa inda birki yake kuwa?

Mufarrih ne jagoranmu, yaro,
gemunsa bai gama haɗuwa ba.
Ya ɗaure min hular kwano da hannunsa,
ya ce, "Shuwayya, ya ammi, layi ɗaya,
kada wanda ya wuce ni." Na ce to.
Baƙo ko da ido makaho ne, na bi sahun kowa.

Gabana wata nas 'yar Filifin, Marites,
hannu na ɓari, tana addu'a da yarensu.
Bayana Ustaz Dafa'alla na Sudan,
iska ta cika jallabiyarsa tam,
kai ka ce tantin biki ne ya tsinke yana tahowa.

Allura ba ta haura talatin ba.
Yatsuna na ƙaiƙayi, wuyan hannu na roƙo.
Titi fayau, ba rami, ba ɗan sanda,
ba mai ɗaga hannu a bakin kasuwa.

A Ƙassar muka tsaya. Gidajen dutsen teku,
rufi ya tafi, ƙofofi na nan a buɗe.
Ya nuna wata rijiya: "Kakata ta sha nan."
Ya leƙa, ya kira sunanta a hankali,
rijiyar ta mayar masa da rabin kalmar,
rabin ta riƙe a cikin ruwa.

Can gaba bishiyoyin ƙandal
sun tattare zane sun shiga teku
kamar mata masu tsallake rafi ranar kasuwa.

Sai ya ɗaga hannu: a kashe inji.
Ni ban taɓa kashe inji a hanya ba
sai in mai ne ya ƙare.
Shiru ya sauko, har ina jin ƙarfe na hucewa.
Ƙarƙashin wata ƙaya, taku ashirin,
ga ta tsaye, siririya, kalar ƙasar wurin,
kunne ɗaya gare mu, ɗaya ga teku: barewa.

Ba ta gudu ba. Ta dube mu ta ci gaba da kiwo.
Nan na tuna na ratsa Kano sau dubu nawa,
ban san launin ƙofa ko ɗaya ba.
Idona na kan canji da madubi,
na kai kowa inda za shi, ni ban je ko'ina ba,
gudu nake ta yi, ba zuwa.

Da za mu tashi, na Mufarrih ya ƙi.
Ya buga, ya buga, ya yi zuru-zuru.
Na sauka, na ce kauce, ɗana.
Na zare fulogi, baƙi ƙirin da hayaƙi,
na kankare da mukulli, na hura, na goga a wando,
bugu ɗaya ya ɗauka da tsawa.

Ya sumbaci goshina, ya ce, "Ammi, shige gaba,
hanya ɗaya ce, miƙe har tasha."

Na shige. Teku a dama, rana na gangarawa,
wasu masunta na jan taru suna waƙa.
Na ji oda a bayana: ɗit, ɗit, ɗit.
"Ya ammi, jirgi zai tashi, ƙara wuta!"
Na duba allura: ashirin.
Na ce, shuwayya, yaro. Ina kallon ruwa.